Arziki, Wadata da Yalwa: Me Kalmomin Turanci Suke Nufi?

Nassosin karatu: Luka 12:13-21, 3 Yohanna 1-4, 1 Timoti 6:6-19

Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Lafiya ta ratsa Azuba zuwa Akwanga ba zai rasa ganin alluna da takardun gayyata zuwa taron farkawa ba. Yawancinsu da Turanci ake rubuta su, kalmomin da suka fi fitowa kuwa su ne "prosperity", "abundance" da "wealth". A wurin taron, mai wa'azi yakan yi magana da Turanci, mai fassara ya juya. Sau da yawa dukan kalmomin nan sai su koma kalma ɗaya a bakin mai fassara, wato kuɗi. Mai sauraro ya koma gida da tunanin cewa an yi masa alkawarin mota da bene. In shekara ta juyo bai gani ba, sai ya fara shakkar bangaskiyarsa. Saboda haka ya kamata iyaye da 'ya'ya su san abin da kowace kalma take ɗauke da shi.

"Rich" da "riches"

A tsohon Turanci "rich" tana nufin mai iko ne, kamar sarki. Daga baya ta koma kan mai abin hannu. Amma har yau ba kuɗi kaɗai take nunawa ba. Ƙasar fadama mai ba da shinkafa "rich soil" ce. Miyar agushi da ta ji kifi da manja "rich soup" ce. Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996, ana cewa tana "rich in minerals", wato ƙasarta cike take da ma'adinai, ko da yake wannan bai sa kowane mazauninta ya zama attajiri ba. Haka Bulus ya gargaɗi masu dukiya a 1 Timoti 6 su zama mawadata cikin kyawawan ayyuka. Ɗalibai su lura: "riches" kullum da harafin s take, "the rich" kuwa tana nufin masu arziki gaba ɗaya.

"Wealth"

Wannan kalma 'yar'uwar "well" ce, an kuma gina ta a kan ƙirar "health". Ma'anarta ta fari ita ce zaman lafiya da jin daɗi, kusan abin da sunan garinmu Lafiya yake faɗa. Shi ya sa juyin Turanci na Sarki James, wanda ya fito a 1611, ya sa "wealth" a 1 Korintiyawa 10:24, inda Bulus yake cewa kowa ya nemi abin da zai amfani ɗan'uwansa. Wanda ya karanta da ma'anar yau zai zaci an ce ya nemi dukiyar wani! Tsohuwar ma'anar ta saura a cikin "Commonwealth", ƙungiyar da Nijeriya ta shiga a 1960, wato amfanin kowa da kowa. A Turancin yau "wealth" ita ce dukiyar da aka tara: gona, shanu, gida, jari. Ba a ce mata "wealths". Dattijon da ya ga jiya ya ga yau kuma yana da "a wealth of experience".

"Prosperity" da "prosper"

Asalinsu Latin ne, ma'anarsu kuwa abu ya tafi daidai, ya yi nasara. Doya takan yi "prosper" a kunya, yaro a makaranta, aure a gida. Ayar da aka fi jingina wa kalmar nan ita ce 3 Yohanna 2. Mu tuna cewa gaisuwa ce a farkon wasiƙa zuwa ga wani mai suna Gayus, irin yadda mu ma muke buɗe wasiƙa da fatan kana lafiya. Kalmar Helenanci da ke wurin an haɗa ta ne daga "kyau" da "hanya", kamar mu ce Allah ya kai ka lafiya. Ita ce kuma Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 1:10 sa'ad da yake roƙon Allah ya buɗe masa hanyar zuwa Roma. Mun san yadda ya isa can: a ɗaure, bayan jirginsu ya farfashe a teku. Duk da haka addu'arsa ta karɓu.

"Abundance" da "plenty"

"Abundance" ta fito daga kalmar Latin mai nufin igiyar ruwa. Hoton shi ne na rafi da ya cika ya tumbatsa a watan Agusta. Hausarta ita ce yalwa. "Plenty" kuwa daga kalmar da ke nufin cikakke take, wato abin da ya isa har da saura. A jarrabawa a rubuta "plenty of yams". Barin "of" maganar kasuwa ce, mai duba takarda zai rage maki. Abin lura shi ne kalmomin biyu ba su faɗi ko mene ne ya yalwata ba. Ana samun yalwar hatsi, ana samun yalwar sauro. A Yohanna 10:10 abin da ya yalwata shi ne rai, wanda makiyayi yake ba tumakinsa. A Luka 12:15 kuma Yesu ya yi amfani da kalma daga tushe ɗaya ya ce ran mutum bai dogara ga yawan kayansa ba, sa'an nan ya ba da misalin manomin da ya yi niyyar rushe rumbunansa don ya gina manya, ya mutu a daren nan.

Wasu kalmomi uku

"Affluent" tana nufin wanda dukiya take kwararo masa, an fi faɗinta a kan unguwa ko iyali. Kada a rikita ta da "effluent", wato ƙazamin ruwan da ke fita daga masana'anta. "Fortune" daga sunan gunkiyar sa'a ta Romawa take, don haka tana nufin dukiya mai yawa, tana kuma nufin sa'a. "Treasure" daga kalmar Helenanci mai nufin ma'aji ko taska take, abin da mutum ya ɓoye domin yana ƙaunarsa.

Abin da Hausa ta riga ta sani

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma sake juya shi a 1979, muna da kalmomin da suka rarrabe waɗannan abubuwa. Dukiya ita ce abin da aka mallaka. Yalwa ita ce yawa. Wadata ita ce samun abin da ya isa har zuciya ta kwanta. Albarka daga Allah take, takan sauka a kan kaɗan ya ƙosar. Arziki ma ya fi kuɗi faɗi, gama idan aka ce wane ɗan arziki ne, halinsa ake yabo, ba aljihunsa ba. Magabata kuma sun ce arziki rigar ƙaya. Littafi Mai Tsarki bai hana neman abin zaman gari ba. Ya umarce mu mu yi aiki, mu ciyar da iyali, mu taimaki mabukata. Abin da muke roƙo shi ne masu fassara su zaɓi kalmar da ta dace da nassin, iyaye kuma su buɗe Littafin Hausa su duba ayar kafin su sayar da irin doya don a cika musu alkawarin da Allah bai yi ba.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da "prosper" a 3 Yohanna 2?
2. Me manomin Luka 12 yake da shi a yalwace, me kuma ya rasa?
3. Bari kowane yaro ya yi jimla ɗaya da "rich in", ɗaya da "plenty of".

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu abincin yau, ka koya mana wadar zuci, ka sa gidajenmu su yalwata da ƙauna. Amin.