Ƙaguwa da Tsatsar Jiki

Kamar yadda iska da laima ke sa ƙarfe tsatsa, haka iskar da muke shaƙa ke barin wasu ɓurɓushi masu lalata ƙwayoyin jiki. Ƙaguwa da jatan lande na ɗauke da wani sinadari mai dakushe wannan ɓarna, wai shi astazantin. Shi ne jan da ke bayyana in an dafa su. Bajamushe Richard Kuhn ya tace shi a 1938. Amma asalinsa daga gansakukar ruwa suke samunsa. Saboda haka manoman rani na Gwarzo da Kabo su kula: in maganin feshi ya kwarara madatsa irin ta Guzuguzu ya kashe gansakuka, to, an toshe tushensa ke nan.