Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Taki Ke Ƙone Tumatir Alhali Ƙasa Na Jiƙe?

A gonakin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke gangarowa ta kanal, akwai abin da ke yawan ba sabon manomi mamaki. Ya yi dashen tumatir, ya zuba taki da yawa a gindinsa don ya yi saurin girma, ya ba shi ruwa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya tarar da dashen ya yi yaushi kamar wanda ya kwana da ƙishirwa, ga ƙasa kuwa a jiƙe. Amsar wannan tana cikin wani siririn tantani da ido ba ya gani.

Duk wani mai rai, mutum ko tsiro, an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani wanda kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita. Aikinsa ya yi kama da na fayawol a kwamfuta: yana barin wasu abubuwa su wuce, yana tare wasu. An yi shi da maiƙo mai ninki biyu, a jikinsa kuma akwai ƙofofi na furotin. Kowace ƙofa da abin da take karɓa, kamar yadda kan cajar USB-C ba ya shiga ramin tsohuwar caja.

Abubuwa na ratsa tantanin ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce yaɗuwa. Sinadari na tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar yadda ƙamshin turare ke cika ɗaki. Haka iskar oksijin da ke cikin ƙasa take shiga saiwa. Ƙwayar ba ta kashe ko sisin kuzari a nan, daidai da ruwan Tiga da gangara kaɗai ke kai shi gona.

Ta biyu ita ce osmosis, wato tafiyar ruwa kansa. Ruwa na barin gefen da narkakkun sinadarai suka yi kaɗan, ya ratsa tantani zuwa gefen da suka fi yawa. Yana da ƙofofinsa na musamman da ake kira akwaforin, waɗanda binciken Peter Agre na Amurka a kansu ya kai shi ga lambar Nobel a 2003. A gona mai lafiya, ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa yawan sinadarai, don haka ruwa ke shiga, ƙwayoyin su cika tam, ganye ya miƙe. Idan aka jibge yuriya ko NPK a gindin dashe, lissafin sai ya juya. Ruwan ƙasa ya fi na saiwa kauri, sai ruwa ya riƙa fita daga tsiron. Abin da ake kira ƙunar taki ke nan. Haka ma gonar da gishiri ya taru a cikinta saboda rashin magudana, har ake ganin fari-fari a samanta.

Ta uku ita ce jigila da ƙarfi. Sau da yawa sinadaran da tsiro ke buƙata, irin su naitiret da fotasiyam, sun fi yawa a cikin saiwa fiye da cikin ƙasa. Shigo da su tamkar tura ruwa tudu ne, dole sai da injin ban ruwa da fetur. Fetur ɗin ƙwaya shi ne ATP, ɗan ƙaramin batirin da take cajawa ta hanyar ƙona sukari da oksijin. Shi ya sa idan ruwa ya kwanta a gonar tumatir ya kori iskar ƙasa, cajin saiwa ke ƙarewa, ganye ya yi rawaya ko da taki na nan. Shinkafar da aka san Kura da ita ba ta shiga wannan matsala, domin tana da hanyoyin iska a jikinta da ke kai oksijin daga ganye zuwa saiwa.

Mai karatu zai iya gwada osmosis a gida. A yanka dankalin Turawa gida biyu masu tsawo ɗaya. A saka ɗaya a kofin ruwa zalla, ɗaya a kofin ruwan da aka narkar da gishiri cokali biyu. A ɗauki hoto da waya, a sake ɗauka bayan awa biyu. Na ruwa zalla zai yi tauri, na ruwan gishiri zai yi laushi har ya lanƙwasa.

Ga mai shirin noman rani, darasin a fili yake: a sa taki ɗan nesa da gindin dashe, a raba shi kashi-kashi maimakon a zuba lokaci guda, a bi shi da ruwa, sannan a tabbata magudanar gona ba ta toshe ba. Buhun taki yana da tsada, kuma saiwa ba ta karɓar abin da ya fi ƙarfin ƙofofinta.