Amsar Tambaya: Funfuna a Renon Albasa

Tambaya: Malam, na yayyafa irin albasa a tsoffin tukwane, sai farar funfuna ta rufe ƙasar, tsiron yana kwantawa. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Dambatta.

Amsa: Malama, yawan danshi da cunkoso ne suke ruɓar da wuyan tsiron. Ki tuge waɗanda suka kamu har da ƙasarsu, ki zubar nesa. Ki huda gindin tukwanen, ki rage tsiron don iska ta ratsa, ki fitar da su hantsi. Ban ruwa da safe kawai, bayan saman ƙasar ya sha iska. Nan gaba ki haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanyen kashin awaki, ki gauraya irin da maganin Apron Star bisa shawarar malamin gona na hukumar KNARDA. Waɗanda suka tsira, ki dasa su bayan mako 6 zuwa 8 da shuka. Allah ya ba da yabanya.