Kafin Ka Kwarmata, Ɗana

Ɗana, ranar da ka zo gaishe ni na lura akwai magana a bakinka. Sai da ka miƙe za ka tafi ka raɗa mini cewa ka ga sunayen bogi a takardar albashin sashenku, har da na wani da aka yi jana'izarsa bara. Na yi shiru ne saboda akwai mutane a zauren.

Ni ma a ofishin ma'aji na ƙaramar hukuma na tsufa, don haka ba zan ce ka rufe ido ba. Kuɗin nan na rijiya ne da maganin asibitin ƙauye, haƙƙin jama'a ne. Amma ka san zurfin ruwan kafin ka sa ƙafa.

Kun taso kuna jin labarin tsarin kwarmato da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disamban 2016, wanda ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Kun kuma ji labarin dala miliyan 43 da EFCC ta gano ta hanyar kwarmato a wani gida a Ikoyi a 2017. To, shi kwarmaton nan tsari ne na gwamnati, ba doka ce da majalisa ta zartar ba. Ba zai tsaya maka ba ranar da aka miƙo maka takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Haka ake yi mana, ba kasafai ake kora ba. Sai a riƙe ƙarin girma, fayil ɗinka ya ɓata, abokan aiki su daina zama kusa da kai a wurin mai shayi. Ghana kam tun 2006 ta yi doka ta musamman don kare mai kwarmato, mu kuwa ba mu da irinta.

Duk da haka ba a bar ka tsirara ba. Dokar ICPC ta 2000 ta hana a bayyana sunan wanda ya kai rahoto, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba da kariya ga ma'aikacin da ya fitar da bayani da kyakkyawar niyya. Sai dai ita dokar ta ICPC ta tanadi ɗauri ga wanda ya kai ƙarya da gangan.

Saboda haka ka tara hujja tukuna. Rubuta kwanan wata, lambar bauca, adadin kuɗi da wanda ya sa hannu. Abin da idonka ya gani kaɗai, ban da "an ce". Kada ka ɗauke takardar asali daga ofis, da ita za a fara tuhumarka. Kada ka kai maganar Facebook ko majalisar dare. Ka nemi lauya ko wata ƙungiya mai bibiyar irin wannan, sannan ka kai a rubuce, ka karɓi shaidar an karɓa. Kuma ka gyara naka: wanda ke zuwa ofis ƙarshen wata kawai, shi ake fara kamawa.

Sai batun niyya. In don ciyaman ya hana ka wani abu ne, ko don ladan nan, gara ka haƙura.

Ka shawarci matarka, domin ita za ta ji a tukunya in an riƙe albashi. Ranar Asabar ka dawo da abin da ka rubuta, mu duba tare.