Me Ya Sa Jadawalin Karatu Ke Mutuwa a Bango?

A farkon kowane zango ɗalibi kan rubuta jadawalin karatu ya liƙa a bango, amma kafin mako 2 ya yi watsi da shi. Akan ce lalaci ne. Ilmin halittu kuwa yana da ƙarin bayani.

A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya binciki ƙwaƙwalwar birai a Suwizalan. Ya ga ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin dofamin suna zabura idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato. Da birin ya gane alamar da ke gabatar wannan lada, sai zaburar ta koma kan alamar. Idan kuma ladan bai zo ba, aikin ƙwayoyin ya ragu. Wato sa rai da lada na kusa yana ingiza mai rai.

Saboda haka "zan zama likita" buri ne mai nisa, dole a yanka shi ƙanana. Misali, yau bayan La'asar ɗalibi ya zana zuciya da ɗakunanta 4 ba tare da duba littafi ba, gobe malami ya duba ya yaba. Da yayyafi kogi kan cika.