Guzurin Maniyyaci: Tuba da Neman Yafiya

Idan lokacin tafiya Makka ya gabato, gidan maniyyaci ba ya rabuwa da baƙi. Wannan ya zo sallama, wancan ya kawo saƙon addu'a. Ana daka yaji, ana soya dambun nama, ana adana fasfo da katin rigakafi. Duk wannan guzuri ne. Amma akwai guzurin da ba ya shiga jaka, ba a kuma ɗora shi a sikelin filin jirgi. Shi ne tuba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya yi Hajji don Allah, ya kame daga batsa da saɓo, zai koma gida babu zunubi a kansa, kamar jariri sabon haihuwa. Wannan albishir ne ya sa kakanninmu suka riƙa bin ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan, har su tsallake Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau. Saboda haka mai tafiya a wancan zamani yakan yi sallama irin ta wanda bai sa ran dawowa ba. Ya biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida-gida yana neman yafiya. Yau jirgi na kai mutum Jidda ko Madina a cikin 'yan awoyi, sai sallamar ma ta zama ta gaggawa.

Malamai sun ce laifi iri biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kamar wasa da salla. Tubansa shi ne mutum ya daina, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba. Akwai kuma wanda ya shafi haƙƙin mutane. Shi wannan sai an ƙara da mayar wa mai haƙƙi abinsa, ko a nemi ya yafe. A nan yawancinmu muke tuntuɓe.

Mun saba ganin maniyyaci ya miƙe a masallaci bayan salla ya ce, "Jama'a, a yafe ni." Kowa ya amsa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Al'ada ce mai kyau, amma ba ta biyan bashi. Mai awon hatsi da ya daɗe yana tauye mudu ya san waɗanda ya tauye. Wanda ya riƙe gonar gado shekara da shekaru ya san 'yan'uwansa mata suna da rabo a ciki. Abin da ya kamace shi shi ne ya taka har ɗakin yayarsa, ya durƙusa ya ce, "Yaya, gonar Baba da ke hannuna akwai rabonki. Na zo mu kira malam a raba. Abin da na ci a baya kuma, don Allah ki yafe mini." Wannan magana ta fi kuɗin kujera wuyar fita. Wanda ya iya faɗinta ya fara aikin Hajjinsa tun bai ɗaura harami ba.

Kada kuma a manta da na cikin gida. Mutum yakan nemi yafiyar mai unguwa da abokan kasuwa, ya tsallake matarsa da yaron shagonsa, alhali su ya fi ɓata wa rai.

Ga inda iya karatu da rubutu zai yi mana rana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Kafin ka tafi, ɗauki takarda da biro. Rubuta sunan wanda yake bin ka da adadin kuɗin. Rubuta wanda kake bi. Rubuta ajiyar mutane da ke hannunka. Ka sa kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka ba amintacce ya adana.

Idan an isa Makka kuma, ranar 8 ga Zulhajji alhazai ke fita Mina. Ranar 9 su wuce Arfa, wani fili mai nisan kilomita kamar 20 daga Makka. A nan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi huɗuba a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, ya ja kunnen jama'a a kan jinin mutane da dukiyarsu. Wanda ya rasa tsayuwar Arfa ya rasa Hajjin wannan shekara. Ana haɗa Azahar da La'asar a yi su ƙasaru, sauran yinin kuwa na addu'a ne har faɗuwar rana. A mazhabar Malikiyya lallai ne alhaji ya kasance a cikin Arfa har bayan rana ta faɗi, don haka kada ka yi gaggawar fita.

Ba sai ka hau Dutsen Rahama ba, duk filin wurin tsayuwa ne. Ba sai ka iya Larabci ba, roƙi Allah da Hausarka. Ambaci laifinka tsakaninka da Shi. Roƙa wa iyayenka da waɗanda ka cuta. Abin takaici, sai ka ga wasu sun ƙarar da wannan yini mai tsada a kan hira da ɗaukar hoto da waya.

Jarrabawar kuwa ba ta nisa. Akwai zafin rana, akwai jiran mota, akwai turereniya a wurin jifa. Aya ta 197 a Suratul Baƙara ta hana alhaji batsa da fasiƙanci da jayayya. Wanda ya zubar da hawaye a Arfa, washegari ya zagi wanda ya taka masa ƙafa a Mina, ya sake lissafi.

Idan an dawo, mutane za su zo barka da sauka, su karɓi tsarabar dabino da zamzam, su ce, "Allah ya sa karɓaɓɓe ne." Haƙorin Makka da laƙabin Alhaji ko Hajiya ba su ne shaidar karɓuwa ba. A ganina abokan ciniki ne za su fara ganewa, ranar da mai awon hatsi ya koma kan mudunsa.

Kai kuma da Allah bai ba ka ikon tafiya bana ba, an so ka azumci ranar Arfa a gida. Muslim ya ruwaito cewa azumin yana kankare zunubin shekarar da ta wuce da mai zuwa. Kafin ranar ta zo, je ka ga wanda kuka daina gaisawa.