Shawarwari Bakwai Ga Iyayen Naraguta Kan Fim Da Tarbiyyar Gida

Mutumin Jos ba baƙon harkar fim ba ne. A garin nan Hukumar Fina-Finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata, a nan kuma cibiyarta ta koyar da sana'ar take. Ali Nuhu, da aka naɗa shugaban hukumar a 2024, a Jami'ar Jos ya yi digiri, jami'ar da mazauninta na dindindin yake nan Naraguta. Saboda haka ba kiran a kashe talabijin nake yi ba. Damuwata ita ce yaranmu suna ganin gidaje biyu kullum, na ubansu da na cikin fim, kuma in aka bar su su kaɗai, da na biyun za su riƙa auna na farkon. Ga abin da kowane gida zai iya yi.

1. Ku riga yara kallo

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da aka kafa a 1993, tana sa alamar shekaru irin su 12 da 15 da 18, Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001. Amma abin da ake tura wa yara a waya a shagunan caji, da guntayen bidiyon TikTok, babu mai tsaron ƙofarsu sai ku. Kafin sabon shiri mai dogon zango ya zama na gida, uwa ko uba ya kalli kashi biyu ko uku tukuna.

2. A yi kallo a falo, ba a ƙarƙashin bargo ba

A sanyin Disamba da Janairu, da an yi isha'i kowa ya shige ɗaki, kuma a lokacin ne waya take raba gida ɗaya gida biyar. A sa doka mai sauƙi: fim a inda kowa ke gani, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Abin da yaro zai ji kunyar kallo a gaban Umma, bai kamata ya kalla a bayan idonta ba.

3. Ku tsayar da fim ku yi tambaya

Ku ɗauki Gidan Badamasi na tashar Arewa24: dattijo mai dukiya da 'ya'ya rututu, kowa idonsa na kan kuɗin tsohon. Yara za su sha dariya, ba laifi. Bayan dariyar sai uba ya ce, "Wai me ya sa ba mai tausayin wani a gidan nan? Laifin uban ne ko na 'ya'yan?" Ku bar su su amsa, ko da amsar ba ta yi muku daɗi ba. Daga bakinsu za ku gane abin da suka ɗauka daidai ne, ku gyara tun icce yana ɗanye. Huɗubar da ba a ba yaro damar magana ba, a bakin ƙofa yake ajiye ta.

4. Ku wanke kishiya da uwar miji da matar uba

Nan ne fim ya fi yi wa gidajenmu illa. Sau da yawa kishiya ba ta fitowa sai da makirci, uwar miji sai da tsangwama, matar uba sai da horon yunwa, hanyar gidan boka kuma ba ta yin ciyawa. Dalilin a fili yake: marubuci yana neman rikicin da zai riƙe mai kallo har mako mai zuwa, gidan da ake zaman lafiya kuwa ba ya ba da kashi hamsin. Ku faɗa wa yara haka ƙarara. Sannan ku nuna musu misali a danginku: matar uban da ta riƙe marayu har ta aurar da su, kishiyoyin da ɗaya ke jinyar ɗaya. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kada uwa ta mai da fim abin habaici, tana cewa "ga irinta nan" a gaban 'ya'ya. Yarinyar da ta tashi da wannan karatu za ta shiga gidan miji da shirin yaƙi tun ba a taɓa ta ba.

5. Ku bayyana musu cewa dukiyar fim kayan aiki ce

Galibin gidajen benen da motocin da ake gani, haya ce ko aro na 'yan kwanaki. Yaron da bai san haka ba zai fara raina ɗakin ubansa, budurwa kuma ta auna lefenta da na jaruma. Ku kai su wurin dukawan Naraguta su ga yadda ake yanka fata, a rina, a ɗinka, kafin jaka ɗaya ta fito. Wanda ya ga guminsu zai san darajar kuɗin cefanen da Baba yake ajiyewa da safe.

6. Ku yi maganar soyayya da aure kafin fim ya gama yi muku

Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 fina-finan Hausa suka bunƙasa, kuma soyayya da auren dole sun zama manyan jigoginsu, ga na Indiya da ake fassarawa suna ƙara armashi. A unguwar da ke cike da ɗalibai, matashi yana gani a fim, yana gani a titi. In kunya ta hana uba, kawu ya zauna da saurayin. In ta hana uwa, gwaggo ta ja budurwar ɗaki ta ce, "'Yata, aure ba ya ƙarewa ranar biki, ranar yake farawa." A gaya musu abin da fim ke tsallakewa: haƙuri, ciyarwa, jinya, da zama da dangin juna. Iyaye su ma su ɗauki nasu darasin, a nemi yardar yarinya kafin a ba da ita.

7. Ku yanka wa kallo lokaci, ku fara da kanku

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga manya, a kashe komai lokacin sallah da cin abinci da aikin makaranta. A ware dare ɗaya a mako na hira, Kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko babban yaro ya karanta wa ƙannensa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Sai dai dokar ba za ta yi aiki ba in uba yana latsa waya ɗansa na yi masa magana, ko uwa ta bar tuwo ya ƙone saboda kallon shirin Labarina.

Yaro ya fi gaskata abin da ya gani a gida. In ya ga Baba yana sallama da fara'a, yana gode wa Umma kan girki, yana ba ta haƙuri in ya yi kuskure, babu jarumin da zai koya masa cewa tsawa ce mazantaka. Ku zaɓi shawara ɗaya cikin bakwai ɗin nan ku fara da ita a makon nan, in ta zauna ku ƙara ta biyu. Allah Ya shirya mana zuri'a.